Zazzaɓin Allo

Ƙarƙashin gadar Ikeja nake da teburi,
ƙafa uku nasa ne, ta huɗu bulo.
Nan Tabawa mai albasa ta iske ni ran Talata,
tun daga Mile 12, gumi har haɓa.
Ta kwance ƙullin mayafi,
ta shimfiɗe mini kwamfutar hannu
kamar mai miƙa jariri ga likita.
Ta ce, Ilu, taɓa ka ji.
Na taɓa.
Da an fasa ƙwai a kai, da mun karya kumallo.

Duk lissafina na ciki, in ji ta,
buhu arba'in da suka taso daga Aliero,
bashin Iya Romoke na wata uku,
da hoton jikata ranar da ta fara tatata.

Na ce, ina yake kwana?
Ƙarƙashin filo, jone da caji,
yana mini karatu har barci ya sace ni.
Ina yake yini?
Kan buhu, bakin rumfa.
Wato ido da ido da ranar Legas,
wadda ke tausasa kwalta a Oshodi,
ta sa kwandastan danfo faɗa da inuwarsa.

Hajiya, abin nan ciki gare shi.
Akwai batir kwance, falle ɗaya kamar kilishi,
akwai 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai farcenki ba,
ita ke ƙirga, ita ke zana, ita ke kiran Kano.
Duk mai aiki jikinsa na ɗumi.
Ke kina da gumi, kare na da harshe,
shi ba fanka, ba hanci,
ta gadon baya kaɗai yake huci,
bayan kuma kin lulluɓe da rigar roba,
kamar a sa mutum bargo a tura shi gidan burodi.

Cajar nan fa?
Ta taga na saya, a cunkoson Ojota.
To, araha ba ta ado.
Wuta take ɗura masa ba mudu ba awo,
ga janareton maƙwabta na tari yana ƙari.
Kuma yana ci kina aikensa.
Wa ya taɓa haɗiyar tuwo yana gudu?

Ta sunkuyar da kai, ta ce, jiya dai
na sa shi firij, tsakanin zoɓo da kunun aya.

Subhanallahi!
Sanyin farat ɗaya raɓa yake haifa a ciki,
raɓa ta haifi tsatsa,
tsatsa ta cinye bashin Iya Romoke.

In ya yi zazzaɓi, ki zare caja,
ki tuɓe masa riga, ki kashe shi,
ki ɗora kan siminti ko faranti, a inuwa,
inda iskar teku ke ratsowa.
Minti goma sun ishe shi.
Ki rage hasken fuskarsa,
ki rufe ƙofofin da kika bari buɗe,
ga su nan, sha bakwai na ƙirga,
kowace da mai aiki a ciki bai tashi ba.
Ranar da kika ga bayansa ya tasa kamar fanke,
kada ki danna, kada ki jona,
ki hau mota ki zo.

Muna magana allon ya huce.
Na kunna. Sai ga jikar, haƙori biyu, tana dariya.
Buhu arba'in na nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Ta zube mini albasa bakwai manya,
ta ce kuɗi sai Iya Romoke ta biya.
Har ta kai bakin titi ta waiwayo,
ta dubi rana, ta dube ni:
inuwar gada ta gudu ta bar teburina.

Ilu, tun safe kake jone.
Cire hular nan,
ka ja kujera baya.